Budhe Tana Otal

Bargo ɗaya, zannuwa biyu, kwalbar man zafi, silifas na roba, da gwangwanin biskit da babu komai a ciki sai allura da zare. Su mahaifiyata ta ƙulla mini a leda, na ɗora a cinya, mai keken haya yana tura mu cikin ruwan da ya kai rabin taya. Teku ta sake hawowa tsohon garin Semarang.

Ranar da ta gabata na sauka daga Holan, bayan shekara shida ina karatu. Na tarar an yi wa gida sabon fenti, an shimfiɗa tayil har bakin ƙofa, ɗakin baya kuma an cika shi da buhunan shinkafa da injin wanki. Ɗakin Budhe Kasmi ne, yayar mahaifiyata. Na tambayi inda take. Mahaifiyata, wadda muke kira Ibu, ba ta ɗago daga yankan albasa ba.

"Budhe tana otal," ta ce.

Haka take gaya wa kowa a unguwa, kuma ba za a ce ta yi ƙarya ba. Ginin otal ne. Wani attajirin sukari ya gina shi a zamanin Turawan Holan, hawa uku, da zauren rawa da matakalar katako mai faɗin da mutum huɗu za su jera. Sojojin Japan sun zauna a ciki. Bayansu ya zama masaukin fatake masu jiran jirgin ruwa, daga nan ya koma wurin da ake kama ɗaki na awa biyu, sannan aka rufe shi jemagu suka gaje. Daga baya wata ƙungiyar agaji ta karɓa ta zuba tsofaffi. Duk wannan na ji shi ne tun kafin in gama share ƙafata, daga bakin Mbah Karso, wani tsoho da ke zaune a bayan kanta. Yana saurayi shi ke ɗaukar akwatunan baƙi a nan. Yanzu yana kwana a ɗaki mai lamba uku, amma kullum yana zuwa ya zauna a ƙarƙashin allon makullan da babu makulli ko ɗaya.

"Wa kike nema, ranki ya daɗe? Muna da ɗaki mai kallon teku. Ba sai kin leƙa taga ba ma, ita tekun ke shigowa da kanta."

Na ce Bu Kasmi nake nema. Ya dube ni da kyau, ya ce hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe, lifta kuma ta mutu tun yana da haƙora.

Na same ta zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Ta rame. Ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne. Ta kama tsintsiyar hannuna ta auna da yatsu biyu, ta ce Turawa ba su ba ni abinci ba. Ɗakin yana da rufi mai tsawo, da fankar da ba ta juyawa, da funfuna a bango har tsayin ƙugu. Akwatinta na nan a ƙasan gado, ba ta kwashe kayan ciki ba. Wata goma ke nan.

Ta ce ba daɗewa za ta yi ba. Rufin ɗakinta na gida ne ke yoyo, da zarar an gyara Tarmi za ta aiko a ɗauke ta. Tarmi ita ce mahaifiyata. Ban gaya mata na ga rufin ba, sabon kwano fes, buhunan shinkafa a bushe a ƙarƙashinsa.

Shekara goma sha huɗu Ibu ta yi tana aikatau a Jidda. Da kuɗinta aka gina gidan, da su na fara makaranta. Budhe kuwa ita ta yaye ni, ita ta zauna da yayana Mas Gun a asibiti da ya karye a ƙafa, ita ta je makaranta ta tsaya a gaban malamin da ya mare ni. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu da wuri. Iyakar tarihin ke nan.

Da na koma gida na yi maganar rufin. Ibu ta ce ai ba rufi kaɗai ba ne, akwai santsin tayil, tsohuwa za ta iya faɗuwa. Washegari ta ce a can akwai ma'aikaciyar jinya mai zuwa duk mako. Bayan kwana biyu ta ce Budhe ce da kanta ta nuna tana so, tun suna 'yan mata tana tallar shinkafa a ƙofar otal ɗin tana cewa da ma ta kwana a ciki ko sau ɗaya.

"To ga shi na cika mata buri. Mutane nawa ne a unguwar nan suka taɓa kwana a otal? Ni da na biya ma ban taɓa ba."

Na kawo musu tsarabar mayafi biyu, iri ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. Ibu ta ɗaga su a hasken taga, ta murza wannan, ta murza wancan, ta tambaye ni wanne ne na Budhe. Na ce shuɗin. Ta ce shuɗin ya fi kauri. Na ce ɗaya ne. Ta ce ita ta san yadi, ta yi shekaru tana goge na matan Larabawa. Ta ninke su duka biyun ta sa a kabad, ta ce a can sace shi za a yi.

Mas Gun ne ya ba ni labarin abin da ya faru, a shagonsa na kayan babur, yana magana yana duba hanya. A Sallar bara ne, wajen sungkem. Kamar kullum an ajiye kujeru biyu a falo, manya su zauna, na ƙasa su zo da gwiwa ɗaya bayan ɗaya, su kifa goshi a gwiwar babba su nemi gafara. Budhe ce babbar gida, saboda haka Ibu ce ke fara durƙusa mata, sannan ta hau tata kujerar, yara su biyo. Bara Ibu ta yi nata a gurguje. Shi kuma da ya kifa kai a gwiwar Budhe sai kuka ya ƙwace masa, ya daɗe bai tashi ba. Da ya matsa wajen Ibu hawayen sun ƙare, ya faɗi abin da ake faɗi ya miƙe. 'Yarsa ƙarama ta yi wa Budhe, ta tashi ta nufi faranti, sai da aka jawo ta aka nuna mata ɗaya kakar. Wata maƙwabciya da ta shigo gaisuwa ta yi dariya ta ce yaro ya san wanda ya goya shi. Ba a yi wata ɗaya ba aka gano rufi yana yoyo.

Na tambaye shi me ya ce a lokacin. Ya ce me zai ce, a gidan Ibu yake zaune, jarin shagon nata ne, matarsa na da ciki. Ya ce yana aika wa Budhe sukari da ganyen shayi. Na tambayi yaushe ya je da ƙafarsa. Ya ce ruwa yana lalata masa babur.

Azumi ya kama. Kullum da la'asar ina zuwa otal da abin buɗe baki. Ibu takan tsaya a ƙofar kicin tana kallon abin da nake zubawa. Ba ta taɓa hana ni ba. Sai dai ta ce cinyar kazar ta Mas Gun ce, ko ta ce ai ana ba su abinci a can, ko ta shinshina rigata idan na dawo ta ce ina warin tsofaffi, in yi wanka kafin in zauna mata a kujera. Ranar da na dafa wa Ibu irin miyar da take so, ta ɗanɗana ta ajiye cokali.

"Hannun yayata Yu Kasmi ne wannan. Sukari ya yi yawa. Ita ta koya miki, ko?"

Na ce ita ce. Ta tura kwanon gefe ta ci shinkafarta da busasshen kifi.

A otal ma ba a bar Budhe ta huta da zuwana ba. Tsofaffin matan da ke zama a zauren rawa, inda aka jera teburan cin abinci, suna lura da wanda ake ziyarta. Akwai wadda ba a leƙo ta ba tun da aka kawo ta. Idan na wuce da kwano sai su ce ga 'yar Holan ta zo wa gimbiya da kaza. Wata ta ce in har ana son ta haka, me take yi a nan tare da su. Budhe ta shiga raba musu abincin don su yi shiru, ita ta sha shayi kawai. Na hana, ta ce ba ta jin yunwa. Tari ya kama ta, irin na danshi, mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta magani ta ce a fitar da ita daga ɗakin nan in da hali. Na kai wa Ibu maganar. Ta ce bayan Sallah, yanzu hidima ta yi yawa.

Na ce to ranar Sallah fa? Ta ce Mas Gun zai ari mota ya ɗauko ta da safe. Na isar wa Budhe. Kuskuren da aka yi ke nan, don daga ranar ta daina kallon bango ta koma shiri.

Ta aike ni kasuwa in sayo mata ɗanyen ganyen kwakwa. Tun ina yarinya ita ke saƙa ketupat na gidanmu, 'yan jakunkunan ganye da ake ɗura wa shinkafa a dafa ranar jajibere. Na ce ba a yarda a kunna wuta a ɗaki ba. Ta ce a gida za a dafa, Tarmi ba ta iya saƙar ba, tata tana zubar da shinkafa. Ta zauna a bakin gado tana saƙa tana tari, amma yatsun ba sa ɓata. Ta cika leda biyu. Na kai gida. Ibu ta leƙa ledar, ta ce ta riga ta yi odar dafaffe daga kasuwa, na zamani ya fi tsabta. Na tarar da su washegari a kwandon shara a bayan gida, ganyen ya fara yin rawaya. Da Budhe ta tambaya ko sun isa, na ce sun isa.

Ranar Sallah muka sauko daga idi, na ga kujera ɗaya a falo. Ibu ta zauna a kai da sabuwar riga da shuɗin mayafin. Na tambayi Mas Gun ina motar. Ya dubi matarsa. Ibu ta ce ruwa ya hau a tsohon gari, mai motar ya ƙi bayarwa, kuma ai za ta je da kanta anjima tare da matan karatun unguwa, sun shirya wa tsofaffin can abin alheri.

Mas Gun ya durƙusa ya yi. Matarsa ta yi, 'yarsa ta yi. Suka juyo suna kallona.

"Babba ake fara yi wa," na ce. "In na dawo."

Ibu ta gyara zaman mayafinta.

Ruwan bai kai idon sawu ba. Na sami Budhe a ƙasa, a kujerar da ke fuskantar ƙofar shiga, sanye da rigarta ta leshi wadda na sani tun ina firamare, akwatinta a gefen ƙafa. Mbah Karso ya ce shi ya sauko mata da shi tun da asuba, akwati na farko da ya ɗauka a cikin shekara talatin, kuma ba a ba shi ko na sigari ba. Ta leƙa bayana tana neman mota. Na durƙusa zan kifa kai, ta riƙe kafaɗata ta tambaya ko na yi wa uwata. Na ce tukuna. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ba haka ta rene ni ba, yanzu Tarmi za ta ce ita ta zuga ni. Ta ƙi ba ni gwiwarta. Muka zauna muna kallon ƙofa har rana ta take.

Bayan azahar suka iso, mata kusan goma cikin anko, da kwalayen abinci a manyan ledoji. Shugabarsu ta sa aka jera tsofaffi a zauren rawa, wata yarinya tana ɗaukar hoto da waya. Ibu ce ke miƙa kwalayen. Tana bin layi, tana sunkuyawa kaɗan, tana murmushi a ɗauka, ta matsa gaba. Budhe tana cikin layin, don an jawo kujerarta an haɗa da na sauran. Da Ibu ta iso kanta ta miƙa mata kwali kamar kowa.

"Barka da Sallah, Yu. A yafi juna."

Budhe ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

Shugabar matan, wadda ba ta daɗe da tarewa a unguwarmu ba, ta tambaya ko sun san juna. Mbah Karso ya amsa daga bayan kanta, ya ce ciki ɗaya suka fito, wannan ce babba. Matar ta ɗan ja da baya, ta ce to ai sai a ba Bu Tarmi wuri ta yi sungkem, ta yafito mai hoto ta matso. Sauran matan suka buɗe fili. Tsofaffin da suka saba yi wa Budhe gori suka miƙa wuya.

Ibu ta dubi siminti. Akwai laima a kai, da sawun takalma. Ta ce gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, likita ya hana ta. Da safe na ga ta yi sallar idi a kan tabarma ba tare da ta dafa kowa ba. Na faɗi haka, ba da ƙarfi ba. Ta juyo kaina.

"Gwiwoyin nan a tayil ɗin wasu suka ƙare, Wening, don ki je Holan ki dawo ki tsaya kina ƙirga mini raka'a. Shekara goma sha huɗu ina goyon 'ya'yan wasu. Na zo hutun farko da akwati cike da kayanku, na buɗe hannu a ƙofa, Gun ya ɓuya a bayan zaninta, ke kuma kika tambaye ta wace ce baƙuwar. Ni na yi naƙuda, ni na yi bauta, ita ake yi wa kuka a gwiwa. Har gidan da na gina, gidan Bu Kasmi ake ce masa. Me ta rasa a nan? Ga gado, ga abinci. Ni me aka bar mini?"

Mai hoto ta sauke wayarta. Abin da ta faɗa gaskiya ne, na tuna ranar, na tuna tambayar. Amma ba Budhe ce ta sa ta a bakina ba.

Sai na ji ƙarar kwali ya faɗi. Budhe ta dafa hannun kujera tana zamewa ƙasa. Na ɗauka jiri ne. Ba jiri ba ne. Ta sa gwiwa ɗaya a siminti, tana jawo ɗayar, tana miƙa hannu wajen zanin ƙanwarta.

"Ni ce mai laifi, Tar. Na riƙe su da yawa. Ki yafe mini, ki bar ni in dawo ko a kicin ne. Ba zan ƙara taɓa su ba."

Wata daga cikin matan ta rufe fuska da mayafi. A wurinmu babba ba ya durƙusa wa ƙarami, ko a wasa. Na jira Ibu ta tare ta. Daƙiƙa kaɗan ne, amma na ba ta su. Ba ta sunkuya ba. Ta tsaya tana kallon kan yayarta mai furfura a daidai gwiwarta, kuma a fuskarta na ga abin da ban so gani ba: ta ɗan samu sauƙi.

Na ɗaga Budhe. Ba ta fi nauyin yaro ba. Na hau da ita matakalar tana tari tana cewa in sauke ta ba ta gama ba. Mbah Karso ya biyo mu da akwatin, yana hutawa a kowane mataki. Na kwantar da ita, na cire mata rigar leshin da ta jiƙe a gwiwar hannu, na shafa mata man zafi a ƙirji. Ta juya ta fuskanci bango.

Ibu ta hawo ita kaɗai. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, tana duban funfunar bango da fankar da ba ta juyawa. Ina jin wannan ne ganinta na farko da ɗakin. Ta ce in zo mu tafi, mutane suna jira a ƙasa, kuma har yanzu ban yi mata sungkem ba. Na ce ban yi wa babba ba tukuna.

"Ni na haife ki," ta ce.

"Na sani, Ibu."

Ta ce to me nake nufi. Na ce ta gaya wa Mas Gun ya kawo mini akwatina nan, ko babur ɗin zai lalace. A ɗakin nan zan zauna har in samo mana haya a tudu, inda ruwa ba ya kaiwa, ni da Budhe. Ranar da ta shirya durƙusa wa yayarta, ta zo ta same mu, ni kuma in durƙusa mata a bayanta, in daɗe yadda take so. Kafin ranar ba zan taka gidan ba.

Ta buɗe baki za ta yi magana. Na rufe ƙofar, na sa sakata.